Buhu na Goma Sha Uku

Wani tela ya cika ranar Talata da hantsi, a gadon da ke jikin taga a ɗakin maza na asibiti. Kwana uku fitsari bai fito masa ba, jikinsa ya kumbura har zoben da ke yatsarsa sai da aka datse shi da filaya. Kafin azahar an kwantar da wasu mutum biyu da irin wannan ciwo, wata mai sayar da gawayi da wani tsohon direba. Abu ɗaya ya haɗa su ukun. Suna cikin mutum arba'in da sashen bincike na asibitin yake gwada musu wani sabon magani na gyambon ciwon suga.

Sabo ne a wurin asibiti kawai. Saiwar wani ɗan itace ce, wadda wata tsohuwa da unguwa ke kira Inna Mai Saiwa ta shekara hamsin tana jiƙa wa mutane. Shekara biyu da suka wuce likitoci suka nemi ta riƙa kawo musu, suna niƙawa suna durawa a kafso.

Da la'asar jama'a suka cika ƙofar shagonta. Waɗanda jiya suke cewa ita ta hana a yanke ƙafar ubansu, yau su ne suka tuna cewa idonta ya daɗe da rauni, kuma dama tsohuwar da ke shiga daji ita kaɗai ai da abin dubawa. Ƙanin tela ne a gaba, da guntun bulo a hannu. 'Yan sanda suka fitar da ita ta ƙofar baya don kada a kashe ta, da suka isa ofis kuma suka rufe ta don wai ta yi kisa. Sufeto ya ce ranar Juma'a za a kai ta kotu.

*

Washegari Sufeto ya aika a kira masa Mai Sawu.

Mutumin ya shekara talatin yana gadin daji kafin gwiwa ta ajiye shi. Yanzu 'yan sanda kan neme shi idan an kore shanun wani, ko wani ya shiga daji bai fito ba. Ba shi da yawan magana, har matarsa kan ce da shi da turmi, turmi ya fi shi hira, don shi ko ba komai yana amsawa idan an daka.

Sufeto ya ba shi kujera ya bayyana masa aikin. Tsohuwa ta tono wata saiwa mai guba a madadin ta gaske, ta aika asibiti. Abin da ya rage a je inda ta yi tonon, a ɗebo irin saiwar, a haɗa da takarda.

Mai Sawu ya ce yana so ya fara ganinta.

"Baba, daji na ce ka shiga, ba zance na aike ka ba."

"Ai ita ta san hanya, Yallaɓai."

*

Ya same ta zaune a kan benci na siminti, ta miƙe ƙafafu, sun ɗan tasa. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, bai tambaye ta komai ba. Sun daɗe a haka. Can ta gaji da shirunsa ta fara magana, kamar mai yi wa bango bayani.

Buhu goma sha biyu ta ba su, duk a ƙarshen rani, ɗanta Auta ya kai a kan babur. A lokacin nan itacen ya zubar da ganye ya yi barci, saiwar ta yi sanyi, ita ce magani. Idan ruwa ya sauka ya farka ya yi fure, ko akuya ba ta kusantarsa. Haka kakarta ta nuna mata, haka ta gani da idonta a kan wani rago tun tana budurwa. Kuma ba ta tumɓuke itace. Cikin saiwa uku ɗaya take yanka, ta mayar da ƙasa ta danne da dutse.

Ya tambaye ta ko an nemi ƙari a wurinta bayan sha biyun.

Ta ce Dakta ta zo, wato likitar da ke shugabantar binciken, wata guda da ya wuce, ana yayyafi. Ta ce maganin ya kusa ƙarewa. Ta roƙa har da hawaye. Ita kuwa ta ce mata a jira rani.

"Ta yi fushi?"

"Wa, ita? Yarinyar nan ba ta iya fushi ba. Duk likitocin da suka wuce ta ƙofata suna toshe hanci, ita kaɗai ta cire takalmi ta zauna a tabarmata da littafi. Abin da na faɗa sai ta rubuta. Ko tari na yi sai na ga biro ya motsa."

Da ya miƙe zai fita ta riƙe gefen rigarsa. Ba maganar kotu ta yi masa ba. Cewa ta yi don Allah ya binciko mata ko mai gawayin nan ta samu ta yi fitsari.

*

Sashen binciken ɗaki uku ne a bayan asibiti, kusa da inda ake wankin zannuwan gado. Wanda ya buɗe masa shi ne mai haɗa magani, wanda kowa ke kira Famasis, dogo mai tabarau, farar rigarsa ta sha guga har tana ƙara idan ya motsa. Ya dubi takalmin robar Mai Sawu kafin ya dubi fuskarsa.

Ya ce shi tun ranar farko ya faɗa, ba a ɗora asibiti a kan abin da kakar wani ta ce. Buhu na goma sha uku ya tarar da shi ne ranar wata Litinin, mako uku da suka wuce, a jingine a ƙofar sito, daidai inda Auta ya saba ajiyewa. An riga an yanka an busar. Ya ɗebi kaɗan ya sa a na'ura kamar kullum, na'ura ta nuna sinadarin da suke nema yana nan, har ya fi na sauran buhunan yawa. Ya niƙa, ya dura, aka raba.

Mai Sawu ya nemi ganin ragowar. Famasis ya kawo masa leda biyu, ɗaya daga gindin tsohon buhu, ɗaya daga sabon. Mai Sawu ya zube su a tafin hannu biyu ya matsa kusa da taga. Ta tsohon buhun an yanka ta a karkace, yankan wuƙa mai kaifi, fara sol, ba ta da wani ƙamshi sai na ƙasa. Ta sabon an datsa ta gunduwa-gunduwa, wata kauri wata siriri, gefenta ya yi ja kamar an gasa. Ya kai hanci, wani ɗaci ya tsaya masa a maƙogwaro.

A kusurwar ɗakin akwai wani akwatin ƙarfe mai ƙofa. Ya tambaya, Famasis ya ce tanda ce ta lantarki, ta busar da kwalabe.

Suna cikin haka Dakta ta shigo daga ɗakin marasa lafiya. Siririya ce, ba ta wuce shekara arba'in ba, idonta ya yi ja ya faɗa. Famasis ya ce tun ranar Asabar ba ta je gida ba. Ta gaishe shi da Baba, ta tambaye shi yadda ya baro Inna, ko an ba ta bargo, ko an bar ta ta sha maganin hawan jininta. Ta ce tana neman mata lauya.

Ya tambaye ta yadda aka yi magani ya ƙare. Ta ce laifinta ne. Mutum talatin aka tsara, amma mutane suka yi ta zuwa da ƙafa naɗe a tsumma, tana wari, an riga an sa musu ranar yankewa. Ta kasa korar su, ta ƙara goma. Kuma irin wannan gwaji, idan aka tsaya ko na mako biyu ne, aikin shekara biyu ya tashi a banza, gyambunan da suka fara rufewa su sake buɗewa. Shi ya sa da aka ce ga buhu ya zo, kowa ya yi hamdala bai tambaya ba.

Ta faɗi haka tana kallon ledar da ke hannunsa. Sannan aka kira ta ta koma.

*

Shagon tela ɗan ƙarami ne, keke biyu a ciki. Ƙanin ya zauna a kan nasa ba ya ɗinka komai. Keken marigayin yana nan yadda ya bar shi, da rigar makarantar wata yarinya a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Ƙanin ya ce shekara uku yayansa bai taka keke da ƙafar dama ba. Watan jiya ya taka, ya kira duk layin su zo su gani. Mai Sawu ya bar shi ya yi kukansa ya share. A kan tagar akwai wata kwalba ta ƙwayoyi masu launi, ya ɗauka ya juya. Ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce shi ya sayo masa a tasha, na ƙarin kuzari ne, kuma tun jiya yake tunanin ko su ne. Mai Sawu ya tambaye shi ko ya sayo wa mai gawayi da direba su ma. Ya ce ko saninsu bai yi ba. Mai Sawu ya ajiye masa kwalbar a inda take.

A bakin ƙofa ƙanin ya ce in ba tsohuwar ba ce, to ɗanta ne. Kowa ya sha jin Auta a majalisa yana cika baki cewa da ido rufe zai kai mutum wurin itacen.

Sufeto na jin haka ya sa aka kamo Auta. Ya ce abin ya ma fi sauƙi, uwa ta ƙi, ɗa ya je a ɓoye.

*

Ranar Alhamis da sassafe suka fita, Auta a gaba a kan baburinsa da Mai Sawu a baya, wani ɗan sanda yana bin su. Auta magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma tun da suka bar kwalta yake rantsuwa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Bai tono ba, bai kai buhu ba, bai taɓa nuna wa kowa wurin ba. Da suka ajiye babur suka kama hawan wani tudu da ƙafa, rantsuwar ta fara raguwa. Kafin su kai rabin tudun ya tsaya ya ce akwai abu ɗaya.

Bara ya kawo Dakta da Famasis nan su biyu. Sun ce hoto kawai za su ɗauka, masu duba aikinsu suna so su ga inda abin ke fitowa. Inna ta hana a nuna wa kowa, ko matarsa ba ta sani ba.

"Baba, gara kotu da Inna ta ji wannan."

Wurin wani gangare ne a bayan tudun, tsakanin manyan duwatsu, inda rana ba ta daɗewa. Auta ya riga shi leƙawa, ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Ramuka ne ko'ina, ruwa ya kwanta a wasunsu. An tumɓuke itatuwan gaba ɗaya, an sare saiwar an watsar da rassa, ganyen ya baƙanta, busassun furanni rawaya suna manne. Mai Sawu ya ce su biyun kada wanda ya motsa daga inda yake. Ya cire takalmi ya shiga.

Sawun ƙafa kam ruwan mako uku ya tafi da shi, bai ma ɓata lokaci a kansa ba. Ramukan ya bi ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin wuraren Inna suna nan, kowanne da dutsensa a kai, ciyawa ta rufe. Sababbin da shebur aka yi su, bakinsa ya bar shaida a jikin yumɓu. Mai tonon bai saba ba. Yana ɗiban ƙasa kaɗan-kaɗan, yana sarar saiwa a inda bai nufa ba. Ramukan farko an yi su da tsari, kusurwa huɗu, na ƙarshe kuwa yaƙi aka yi da su. Ba aikin Auta ba ne, wanda ya tashi da magirbi a hannu.

A gefen kowane rami, ta hannun dama, akwai wani ɗan ƙaramin huji da bai fi shigar yatsa ba. Ya ƙirga rami ashirin da shida, huji ashirin da shida. A na goma sha tara ya sa tsinke ya zaƙulo guntun farar roba mai tsini, ta karye a ciki lokacin da aka zo cirewa. Wani ya kafa wa kowane rami alama, ya gama ya bi ya tsince.

Itace biyu kawai suka tsira, can cikin tsagar dutse inda shebur ba ya shiga. A jikin ɗaya an cire reshe. Ba karya shi aka yi ba, ba kuma wuƙa ba ce. Yankan almakashi ne, sumul.

Ya daɗe a tsugune gaban reshen. Wanda ya zo satar saiwa, me zai yi da reshe guda, har ya ɗauko masa almakashi daga gida?

Ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, inda ruwa ba ya kaiwa, ƙasa ta riƙe abin da aka ba ta. An ajiye wani abu mai faɗi, tsawon kamu guda, mai sanduna a jere da tazara a tsakaninsu, an danna shi da ƙarfi har ya zana kansa a ƙasa. A gabansa gurbin gwiwa biyu, ƙanana. Ya auna zanen da igiyar wandonsa ya ƙulla.

*

Da yamma ya koma sashen binciken. Sufeto ya riga shi, don ɗan sandan ya kai masa labarin shebur, shi kuma ya haɗa da gasasshiyar saiwa da tanda da kalaman Famasis, ya ce ga mai laifi, mutumin da ke son a kunyata maganin gargajiya. Famasis yana tsaye a bakin ƙofa, gugar rigarsa ta mutu, yana cewa mabuɗin ɗakin nan ba a hannunsa kaɗai yake ba.

Mai Sawu ya wuce su ya shiga yana duba kantoci. A ɗakin ƙarshe, saman kabad, ya ga katako biyu masu sanduna, an ɗaure su da maɗauri biyu, gefen jaridu yana leƙowa ta tsakani. Ya kwance igiyarsa ya gwada. Ƙullin ya faɗa daidai kusurwa.

Ya tambayi Famasis mene ne wannan. Ya ce matsin ganye ne. Idan masu bincike suka ɗebo tsiro, sukan yanki reshe su shimfiɗa a jarida su matse ya bushe, ya zama shaidar abin da aka ɗebo da ranar da aka ɗebo. Na Dakta ne, tun tana ɗaliba take da shi, ba mai taɓa mata. Kullum tana gaya wa ɗalibai cewa tsiron da ba shi da shaida a matsi, ba a ɗebo shi ba.

Mai Sawu bai buɗe ba. Ya roƙi Sufeto ya kulle ɗakin ya sa mabuɗi a aljihu, gobe kafin kotu a tara masa kowa a nan.

*

Suka zauna a ɗakin taro, kewaye da dogon tebur. An kawo Inna a motar 'yan sanda, Auta ya zauna nesa da ita yana kallon ƙasa. Ƙanin tela ya ƙi zama, ya tsaya jikin bango. Famasis ya cire tabarau ya mayar ya fi sau goma. Dakta ce ta zo ƙarshe, ta durƙusa ta gaishe da Inna, Inna ta dafa kanta ta ce ta rame.

Mai Sawu ya faɗi abin da ya gani, a hankali, yadda yake ba da rahoton ɓatattun shanu. Saiwar ta gaske ce, ba wata aka musanya ba, sai dai an tono ta tana fure. Inna ba ta tono da shebur, ba ta busarwa da wuta. Auta ya san tono. Mutum biyu ne suka rage da suka san wurin.

Inna ta juya ta dubi ɗanta. Bai ɗago ba.

Ya ce ɓarawo yakan ɓoye sawunsa, wannan ma ya yi ƙoƙari. Amma akwai abin da hannu ya saba da shi, yana yi mai hannun bai sani ba. Wanda ya yi tonon nan ya kasa tono rami bai sa masa lamba ba, ya kuma kasa barin wurin bai ɗauki shaida ba.

Ya ɗora matsin a kan tebur ya kwance maɗauran. Jaridun ƙasa sun tsufa sun yi ja, ya ɗaga su gefe. Ta saman sabuwa ce. Ya buɗe. Reshe ne a shimfiɗe, ganye bakwai, furanni uku rawaya, an gyara kowanne ya kwanta da kyau. Gindinsa yankan almakashi. A ƙasa an liƙa 'yar takarda da rubutun hannu.

Karatu ya zo masa ne da furfura, a ajin manya, don haka yakan bi da yatsa. Ya karanta kwanan watan jaridar, Asabar, mako uku da kwana shida da suka wuce. Ya sauko kan 'yar takardar ya fara haɗa baƙaƙen.

"Bar shi, Baba," in ji Dakta. "Rubutuna ne."

Ta yi maganar tana kallon furannin, muryarta ba ta rawa. Kwana biyu ta yi tana tono, Asabar da Lahadi, ita kaɗai. Ta busar a tanda. Kafin ta ajiye buhun a ƙofar sito sai da ta gwada a na'ura sau uku, sau uku na'ura ta ce lafiya. Ba ta ce daga Inna yake ba, ta dai ajiye shi inda za a ɗauka haka, don ta san Famasis ba zai karɓi abin da bai bi ƙa'ida ba. Na'urar kuwa abin da aka ce ta nema shi take nema. Ba wanda ya ce ta nemi wani abu da ke fitowa da fure, don ba wanda ya san da shi.

"Ni na sani," in ji Inna. "Na gaya miki. Ina kallo kika rubuta."

"Na rubuta, Inna."

"To?"

"Littafin gida biyu ne. Akwai inda nake sa abin da za a gwada, akwai inda nake sa al'ada da camfi. A na biyun na sa."

Sufeto ya tambaye ta me ya sa ta yi shiru kwana uku tsohuwa na kwance a siminti. Ta ce kullum tana jiran sakamakon jini ya fito ya nuna wani abu dabam. Ya tambaye ta me ya hana ta ƙone reshen. Ta ce sau biyu tana sauko da shi don ta ƙone, tana mayarwa.

Ƙanin tela ya bar jikin bango ya zo har gaban tebur. Sufeto ya miƙe. Amma mutumin furannin kawai ya tsaya yana kallo, kamar yana neman inda yayansa ya shiga a cikinsu. Ya juya wajen Inna, ya sunkuyar da kai. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Dakta ta cire farar rigarta ta ninke, ta ajiye a kan kujera. Ta gaya wa Famasis ya je yanzu ya faɗa wa likitocin ƙoda abin da mutum biyun suka sha, ya kuma kira sauran talatin da bakwai ɗaya bayan ɗaya. Da za ta wuce ta gaban Inna ta tsaya. Inna ta kawar da ƙafafunta ta ba ta hanya.

*

Mai Sawu ne ya raka tsohuwar gida, don ta ƙi hawa baburin Auta. Suka tafi a ƙasa, tana tsayawa tana hutawa. Mutanen layin da suka hango ta, wasu suka shige gida, wasu suka yi mata sannu daga nesa ba su matso ba.

An ɓalle ƙofar shagon. Kwalabe a farfashe, ƙullin ganyaye a cikin kwata. A kan dakalin wani mutum yana zaune da sanda, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji da ya jiƙe ya canja launi. Yana cikin mutum arba'in ɗin da ake gwajin a kansu. Ya ce an kira shi an ce ya zubar da kafson, an rufe gwajin, an kuma mayar masa da ranar tiyata. Shi bai yarda da abin da aka ce ta yi ba tun farko. Ya zo ne ta jiƙa masa irin na da, ko a kwano ne.

Inna ta zauna a gefensa ta kwance bandejin ta duba, ta mayar ta ɗaure. Sannan ta ɗago ta dubi Mai Sawu.

"Kai ka je wurin. Nawa ta bar min?"

Ya so ya ce bai ƙirga ba. "Biyu."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce itacen ba ya yarda da dashe, ta gwada a bayan gida ya fi sau goma. Da kansa yake zubar da 'ya'ya ya tsiro, kuma sai ya shekara bakwai kafin a taɓa saiwarsa. Biyun nan ba za a yanke su ba, su ne iri.

Mutumin ya dubi ƙafarsa, ya dube ta. "To Inna, ni yaya zan yi?"

"Yaushe suka ce maka?"

"Laraba."

"Ka je ranar Laraba," in ji ta.